Bututun da Ya Gaza Kamu Ɗaya

Ranar Larabar da aka bugo wa Malam Yahuza waya aka ce Rahama ta sauka lafiya, an samu 'ya mace, bai ce komai ba sai "To, madalla," kamar an gaya masa farashin gero. Ya kashe wayar ya sa a aljihu, ya zagaya bayan ɗaki ya tsaya yana kallon tulin itacen da ya tara. Wata huɗu yana tara shi guda-guda. Duk inda ya ga busasshen reshen aduwa a hanya sai ya tsaya ya jefa a mota. A ƙasarmu ta Damargu kuwa wanda ya tara itacen wankan jego na kwana arba'in ya yi aiki, ko wanda ba ya ƙaunarsa zai faɗa.

Rahama 'yarsa ce ta fari, ita ce kuma ta ƙarshe, don Allah bai ba su wata ba. Kun dai san halinmu da ɗan fari. Shekara ashirin da uku bai taɓa kiran sunanta ba. In zai yi zancenta sai ya ce "yarinyar nan", in ta shigo gaishe shi sai ya amsa yana kallon takalminsa. Lokacin da uwarta Mariyama ke da rai abin bai dami kowa ba. Shi ya gaya wa Mariyama, Mariyama ta gaya wa Rahama, amsa ta biyo hanyar da maganar ta bi ta dawo. Ko a mota haka suke, shi a gaba, su biyu a baya, yana ce wa madubi, "Tambaye ta ko za ta sha ruwa." Da Mariyama ta rasu, shekara biyar ke nan, sai hanyar ta toshe. Salamatu, ƙanwar marigayiyar, ta zo daga Tanut ta tafi da yarinyar. A gidanta aka aurar da ita, a gidanta kuma ta yi goyon ciki saboda kusa da asibiti. Yahuza ya rage shi kaɗai a gida mai ɗaki uku, a wani ƙauye yamma da Ollelewa, daga shi sai tsohuwar motarsa. Kaɗaici ya ci shi ƙwarai, bai kuwa gaya wa kowa ba.

Abu ɗaya yake so a duniya yanzu. Bayan suna Rahama ta zo ta ƙarasa wankan jegonta a gidan da aka haife ta, ta kwanta a gadon uwarta, ya riƙa jin motsin mutane a tsakar gida ko da na wata ɗaya ne. Ya riga ya yi magana da Kadi, tsohuwar da ke maƙwabtaka da shi, wadda rabin mutanen ƙauyen ita ta yanke musu cibi, ta ce za ta yi wankan. Rahama ce ba zai iya tara da zancen ba. Don haka ya bugo wa Salamatu, ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi lafiyar awaki, ya tambayi ruwan famfo, kafin ya fito da abin da ke ransa.

Salamatu ta ce, "A wace motar? Wannan taka mai ruri kamar jirgin soja? Ka kurmantar mana da jinjira tun ba ta ji sunanta ba? Je ka rufe mata baki tukuna, sa'an nan mu yi magana."

Tun tana 'yar shekara goma take tsokanarsa, wasan ƙanwar mata da mijin yaya. Wannan ma rabinsa tsokana ce. Shi kuwa ya ɗauke shi alkawari.

Gaskiyarta dai game da rurin. Motar tsohuwa ce ƙirar Faransa mai ƙofa huɗu, da ita ya yi shekara talatin yana jigilar 'yan kasuwa tsakanin Tanut da Belbeji, kafin sababbin motoci su kwashe masa mutane. Salansarta, wato bututun hayaƙi da tukunyar da ke haɗiye ƙara, ta faɗi a hanya shekara biyu da suka wuce, bai kuma nemi wata ba. In ya taso daga Ollelewa kajin ƙauyen sun sani. In za a faɗi gaskiya, yana son rurin nan, don mutum ba ya jin shirun kujerun baya in mota na ihu.

Ranar Alhamis da hantsi ya shiga Tanut, ya nufi wurin Audu mai walda a bayan tasha. Audu mutum ne gajere mai surutu, baƙin tabaransa ɗaure da waya a gefe ɗaya. Ya kwanta a kan kwali ya leƙa ƙarƙashin motar, ya fito yana dariya.

"Malam Yahuza, ai nan babu abin gyara. Gyara sai da abu. Kai naka babu shi gaba ɗaya."

"To a samo."

"Irin na motarka ya ƙare a garin nan tun ina da gashi." Ya sosa ƙeya, sa'an nan ya nuna kusurwar fili da haɓa. "Sai dai ko waccan."

Waccan ɗin gawar mota ce mai ƙofa biyu, kaji na ƙwai a cikinta. Wani Bature ne ya ƙetaro Sahara da ita zamanin da suke zuwa sayar da motoci, injinta ya mutu a Tanut, ya ce zai dawo, har yau. An cinye ta tas, daga fitila har kujeru. Salansarta kaɗai ta rage a maƙale, don ba ta shiga motar kowa.

Audu ya ce, "Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya da taka. Amma wannan kupe ce, gajera, ta 'yan gayu. Taka doguwa ce, ta masu iyali."

Ya kwance ta ya jawo, ya shimfiɗa a ƙarƙashin motar Yahuza. Bakin gaba ya shiga na inji cif, sai ka ce tare aka yi su. Baya ne matsalar. Bututun yana da wani ƙusumbi da aka lanƙwasa don ya haura ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya, to a doguwar mota ƙusumbin bai kai wurin ba. Audu ya auna da hannunsa, daga gwiwar hannu zuwa yatsa. Kamu ɗaya ya gaza.

"Hanya biyu ce," in ji shi. "Ko in yanka shi a tsakiya in ƙara masa tsawo, ƙusumbin ya hau inda ya kamata, wutsiyar ta fita baya. Wannan sai an nemo bututu, ba ni da shi. Ko in datse wutsiyar in yar, hayaƙi ya riƙa fita nan ƙarƙashin kujerar baya. Ƙara dai za ta mutu yau ɗin nan." Ya ɗago tabarau ya dube shi. "Akwai mai zama a baya?"

A kan benci akwai direbobi biyu suna shan shayi, kunnuwansu a buɗe. Yahuza ya buɗe baki. Abin da zai ce kaɗan ne: 'yata za ta zauna, da jaririyarta. Amma dattijo mai furfura ya tsaya a bayan tasha yana zancen 'yarsa ta fari da haihuwarta ta fari, a gaban samarin direbobi? Kunya ta riƙe masa harshe.

"Wa zai zauna?" ya ce. "Ni kaɗai nake yawona."

Ni dai a nan nake jin haushinsa, ko da yake na san da ni ne a wurin, abin da zan ce ke nan.

Audu ya datse wutsiyar ya wurga ta kan rumfar kwano, ya rataye sauran da igiyoyin tsohuwar taya, ya ɗan karkata bakin bututun ya kalli ƙasa. Aka tayar da mota. Direbobin nan suka ajiye kofunansu suka tafa, wai ashe tsohuwa ta iya raɗa. Yahuza kansa sai da ya taka mai sau biyu kafin ya yarda injin na tafiya.

A hanyar komawa, bayan ya sauka daga kwalta ya kama yashi, ya tarar da wani Buzu da ya sani yana shayar da tumaki a bakin rijiya. A cikinsu akwai wani farin rago mai baƙin kunne. Ragon suna na mijin Rahama ne, Haris, wannan ba a tambaya. Amma Yahuza ya ga ba zai shiga gidan Salamatu hannu na dukan cinya ba, yana kakan jaririya. Suka daidaita. But ɗin motar cike yake da itace da tayar canji, don haka ya buɗe ƙofar baya ya ɗora ragon a kan tabarmar da ke shimfiɗe a ƙasan kujera. Gilasan baya sun daina sauka tun Mariyama na da rai, bai ko tuna ba.

Tafiyar yashi ba ta sauri. Ya sa ƙaramin giya, hannunsa ɗaya a waje, iska na bugun fuskarsa. Da farko ragon yana ta kuka yana buga ƙaho a jikin ƙofa. Yahuza ya ji daɗin hakan, har ya kama kansa yana yi masa magana ta madubi, yana ce masa ya yi haƙuri, dussa na can na jiransa. Can ragon ya yi shiru. Yahuza ya ce ashe mai hankali ne. Shi ma kansa ya ɗan yi masa nauyi, ya ɗora wa rana laifin.

Da la'asar ya tsaya a ƙofar gida ya buɗe ƙofar baya. Ragon na kwance a gefe ɗaya, harshe waje, idanu sun juye, cikinsa na ɗagawa da ƙyar. Yahuza ya jawo shi ƙasa ya watsa masa ruwa, bai motsa ba. Da ya ga zai zama mushe a hannunsa, ya zaro wuƙa daga aljihun mota, ya juya shi ya kalli alƙibla. Babu mai riƙe masa ƙafafu, ba a ma bukaci riƙon ba. Ya yi bisimilla ya yanka.

Sa'an nan ya sa kansa cikin motar ta baya. Wari ya daki hancinsa, idanunsa suka kawo ruwa. Ya ɗaga tabarmar. Tsatsa ta huda ƙasan motar wuri biyar ko shida, kowane rami yatsa zai shiga, kowanne kuma ya yi baƙin zobe na sabon hayaƙi. Ya saki tabarmar ya zauna a ƙasa daɓas, kusa da jinin ragon. Ranar Laraba a nan Rahama za ta zauna, da jinjira 'yar kwana bakwai a cinya, shi yana gaba yana shan iska. Kuma da ta ji jiri ba za ta faɗa ba, don ba ta taɓa yi masa magana a mota ba. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba a shekara talatin na tuƙi.

A haka Kadi ta same shi. Ta dubi ragon ta dube shi.

"Malam, sunan an dawo da shi yau ne?"

Bai iya ƙarya ba, sai ya gaya mata. Ta yi salati, ta taya shi raba naman gida-gida. Kadi mutuniyar kirki ce, amma magana ba ta kwana a cikinta, tana kuma da 'ya da ke aure a Tanut.

Juma'a da safe ya koma wurin Audu, gilasan gaba duk a buɗe. Wannan karon ma akwai mutane a kan benci. Ya tsaya a gabansu duka ya faɗi abin da ya faru da ragon.

"Mai jego ce za ta zauna a baya. Da jinjira."

Audu ya cire tabarau a hankali. "Mai jegon wa?"

"Yarinyar nan... ta gidan Salamatu."

"Taka dai! Haba Malam! Haba Malam Yahuza! Na tambaye ka da bakina. Da ka bari na kashe maka jika da hannuna saboda kunya? Wace irin kunya ce wannan?" Ya yi ta faɗa har muryarsa ta shaƙe. Yahuza ya san ya cancanci fiye da haka. Da Audu ya huce ya hau tsani ya sauko da wutsiyar da ya wurga kan rumfa, ya duba ta, ya ce da sauran amfaninta.

Abin da ake nema yanzu miƙaƙƙen bututu ne na ƙarfe marar kauri, faɗinsa daidai da na salansar. Kamu ɗaya na tsakiya, da ƙarin ɗani ɗaya ko biyu na wutsiya, don gindin doguwar mota ya fi na gajerar fitowa. Audu ya zazzage tarkacensa kaf. Bututun famfo ya yi siriri, na injin niƙa ya yi ƙato. Mai kawo masa kaya daga Damagaram sai Alhamis mai zuwa, suna kuwa Laraba. Ƙarshe ya tsinko zare ya zagaya bakin bututun da shi, ya ƙulla a inda ya haɗu, ya miƙa wa Yahuza.

"Duk abin da zaren nan ya zagaye ƙullin ya zo daidai, kawo mini. Ko ƙafar kujerar wa ce."

Ranar nan da Asabar Yahuza ya yi su yana yawo da zare. Ya auna sandunan amalanke a kasuwa, ya auna ƙafar wani tsohon allon talla da iska ta kayar, ya auna mariƙin baro a wurin masu gini. Mutane na kallon dattijo yana durƙusawa gaban ƙarafa yana ɗaura musu zare, wasu na dariya a ɓoye. Wani ya yi yawa, wani ya gaza. Ya koma gida ba da komai ba.

Lahadi da hantsi ya ce bari dai ya share ɗakin da baƙin za su sauka, ko ba komai. Ɗakin Mariyama ne, ba ya buɗe shi sai sau biyu a shekara don duba gara. Kwanukanta na jere yadda ta bar su. Gadonta na ƙarfe ne mai rumfa, wanda ubanta ya sayo mata daga Damagaram lokacin aurensu, shuɗin fenti da ƙananan jajayen furanni a jikin sandunan nan huɗu da ke ɗauke da rumfar. Rahama tana ƙarama takan kama sandar da ke kusa da ƙofa ta yi ta juyi a jikinta har uwar ta yi mata tsawa, shi yana tsakar gida yana yi kamar bai gani ba.

Yana cikin shara gwiwar hannunsa ta bugi sandar, ta yi ƙarar abu mai rami. Ya tsaya. Ya daɗe a tsaye da tsintsiya a hannu, don ba ya so ya gwada. Daga baya ya ciro zaren ya zagaya. Ƙullin ya zo daidai, ba ƙari ba ragi.

Ya zauna a bakin gadon. Gadon nan ne ya ce Rahama za ta kwanta a kai, shi ne kuma abin da bai bari kowa ya taɓa ba tun ranar da aka fita da mai shi. Ya ji kewar Mariyama ta taso masa sabuwa fil, don da tana nan da tuni ta ce masa yanka mana, me kake jira, ƙarfe ne. Ya gwada kwance sandar, tsatsa ta haɗe ta da gindin. Ya ɗauko zarto ya yanke ta daidai saman katifa. Rumfar ta sunkuyo ta kusurwa ɗaya. Ya je bayan ɗaki ya zaɓo miƙaƙƙen reshe cikin itacen jego ya tokare ta.

Litinin Audu ya karɓi sandar ya juya ta, ya ga furannin, ya dubi Yahuza. Ya sauke salansar, ya yanka ta a miƙaƙƙen wurin da ke tsakiya, ya zura kamu ɗaya na sandar gadon tsakanin gutsuren biyu, ya ɗiga walda kaɗan-kaɗan, ya ɗaga ya gwada, ya sauke ya ɗan murɗa, sai a karo na uku ƙusumbin ya haura ƙarfen tayoyin baya da tazarar yatsa biyu. Sa'an nan ya zagaye kowace gaɓa da walda, ya mayar da tsohuwar wutsiyar, ya ƙara mata ragowar sandar har ta leƙo bayan mota. Ya matsar da igiyoyin ratayar. Ramukan ƙasan motar kuma ya toshe su da gutsattsarin tsohuwar ganga. Wuta ta cinye fentin a wajen gaɓoɓi, amma bakin wutsiyar ya rage shuɗi, da jan fure ɗaya a kai.

"Saura gwaji," in ji Audu. "Ba rago wannan karon. Kai za ka zauna. Kawo makulli."

Suka rufe gilasai duka. Audu ya ja, suka kama hanyar Agadas har shingen jandarma, Yahuza na baya yana shaƙar iska da ƙarfi kamar mai neman ƙaurin tuwo. Shekara talatin da motar nan, bai taɓa zama a kujerar baya ba. Ashe daga nan ƙeyar direba kawai ake gani, sai madubi. A madubin kuwa ba a ganin komai sai idanun mai tuƙi, duk inda suka juya. Audu ya saci kallonsa sau ɗaya, Yahuza ya gani sarai. Sai ya tuna yawan satar kallon da ya yi wa yarinyar nan ta madubin nan, tana barci a kafaɗar uwarta, tana cin gyaɗa, tana girma, shi yana zaton ba wanda ya sani. Ashe duk suna kallonsa. Ya juyar da fuska wajen taga.

"Kana jin wari?" in ji Audu.

"Babu."

"To me ya sa idonka ke ruwa?"

"Tuƙa motarka, Audu."

Ranar Laraba tun da sassafe yana ƙofar gidan Salamatu a cikin maza, da buhun gero da kwalbar man shanu a but. Liman ya yi addu'a aka raɗa suna: Mariyama. Tun da ba mai iya kiran sunan a gidan, mata suka ce Nana za a riƙa ce mata. Yahuza ya shafa fatiha ya sunkuyar da kai. Ya wuni a kan tabarma yana amsa barka, motarsa na gefe a wanke, ya shimfiɗa sabon bargo a kujerar baya.

Bayan azahar Salamatu ta aiko ya shigo zaure. Ba ta tsokane shi ba, daga nan ya san amsar.

"Yaya Yahuza, labarin ragon ya zo mana tun Juma'a."

"An gyara. Ni da kaina na zauna a baya, har shingen jandarma muka je muka dawo, gilasai a rufe. Tambayi Audu."

"Na tambaye shi. Ya rantse mini." Ta gyara mayafinta. "Amma ba zan iya ba. Duk na rufe ido ragon nan nake gani, ban ma gan shi ba. 'Yar kwana bakwai ce. In wani abu ya same ta a cikin yashin nan, me zan ce wa marigayiya yayata ranar da muka haɗu? Ka yi haƙuri. A nan za ta yi wankanta."

Yana da abin faɗa. Yana da itace, yana da Kadi, yana da ɗaki a share. Amma shi ya ga idanun ragon da nasa idon, ba zai iya ganin laifinta ba. Ya ce, "Ba komai. Allah ya raya." Ya fita ya sauke gero da man shanu, ya ninke bargon ya mayar but.

Yana shirin shiga mota da la'asar sai ya ji motsi a bayansa. Rahama ce a bakin zaure, lulluɓe, da jaririyar a hannu. Ta durƙusa a hankali irin na mai jego ta gaishe shi. Ya amsa yana kallon takalminsa. Ta miƙo masa jaririyar ba tare da ta ɗago ba.

Ya karɓe ta. Ba ta fi nauyin kwanon gero ba. To jika dai ba a jin kunyarta, abokiyar wasa ce, kowa ya sani.

"Amarya," ya ce da ita, "ke ce kika ƙi shiga motata? Don na tsufa?"

Rahama ba ta yi dariya ba. Daga inda take durƙushe idonta ya sauka a kan wutsiyar salansar da ta leƙo bayan motar, shuɗiya, da jan fure ɗaya. Ta daɗe tana kallo. Ta miƙa hannu ta taɓa furen da yatsa, sa'an nan ta goge fuskarta da bakin mayafi. Ta matso kusa da kan jaririyar.

"Nana," ta ce, "kin ga abin da mijinki ya yi wa gadon takwararki?"

Yahuza ya dubi jaririyar. "Gaya mata gadon na nan a tsaye. Na tokare shi."

"Nana, ce masa Inna Salamatu ce ta hana, ba ni ba. Ce masa ranar da muka yi arba'in ya zo da sassafe. Gidansa za mu fara zuwa, kuma kwana za mu yi. A baya za mu zauna."

"Ce mata na ji." Ya jijjiga jaririyar da ba ta ma farka ba. "Tambaye ta ko itacen gidan nan zai kai su arba'in."

"Ce masa ba zai kai ba."

Ya mayar mata da jaririyar ya shiga mota. Ya koma gida shi kaɗai kamar yadda ya zo. Motar ta yi shiru har yana jin yashi na goga ƙasanta, yana jin numfashinsa. Ya yi kewar tsohon rurin nan sosai. A gida ya tarar da ɗakin Mariyama a buɗe a share, rumfar gado na kan reshen aduwa, ya ja ƙofar ya rufe.

Washegari da safe ya fara loda itacen. But ya cika, ya shimfiɗa tabarma a kujerar baya ya jera sauran a kai har suka kai gilashi. Tulin ko girgiza bai yi ba, zai ci sawu biyar ko shida zuwa Tanut, abin da ya lissafa ke nan ya ji sanyi a ransa. Kadi ta leƙo ta katanga ta tambaye shi ko baƙin sun fasa zuwa. Ya ce sun ɗaga ne.

Ya tayar da mota. Kafin ya ja, ya kai hannu ya sunkuyar da madubin kaɗan, daidai inda ake ganin kujerar baya. Itace ne kawai a ciki, amma bai mayar da shi ba.